Ɗori da Muƙabala: Tarihin Wani Lissafi Daga Bagadaza Zuwa Barunde

Gabatarwa

Duk yaron da ya shiga ƙaramar sakandare a unguwar Barunde ta garin Gombe, ko a wata unguwa ta ƙasar nan, ba zai kai ga fita ba sai malamin lissafi ya rubuta masa wani abu mai kama da wannan a jikin allo: 7x − 20 = 4x + 70. Daga nan sai a ba shi dokar warwarewa, a ce ya tattara masu kama da juna wuri ɗaya, kuma duk abin da ya tsallake alamar daidai to ya sauya masa alama. Yaro ya haddace, ya sami amsa, ya ci jarrabawa. Amma da za a tambaye shi dalilin da ya sa ɗebewa ke rikiɗa ta koma tarawa don kawai ta ƙetare 'yan layuka biyu, sai ya yi tsuru-tsuru. A ganinsa wannan wata dabara ce ta Turawa wadda ba ta da uwa ba ta da uba, sai dai a bi ta kamar yadda ake bin umurnin soja.

Alhali kuwa wannan lissafi yana da asali, kuma asalin nasa ya fi kusa da zauren malamin unguwa fiye da yadda ɗalibi yake zato. Ilmi ne guda wanda ya rabu gida biyu a kan hanya, wani ɓangare ya biyo ayarin raƙuma ta Sahara, wani kuma ya zagaya ta ƙasashen Turai ya biyo teku. Dukkansu sun iso ƙasar Gombe, amma suka sauka a makarantu daban-daban, har ya zama ɗaya bai san ɗaya ba. Wannan maƙala za ta bi sawun ɓangarorin biyu.

Kalmomi Biyu da Bahaushe Ya Sani

Sunan nan aljabara da ake kiran wannan fanni da shi ya samo asali ne daga kalmar Larabci jabru. A wurin Larabawa, jabru shi ne haɗa ƙashin da ya karye, wato abin da Bahaushe ke kira ɗori. Masu karatun fiƙihu ma sun san kalmar a babin gyaran salla, inda sujadar ƙabli ko ta ba'adi ke cike giɓin da mantuwa ta bari. Abokiyar tafiyarta kuwa ita ce muƙabala, wadda ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, domin da an ce malamai biyu za su yi muƙabala kowa ya san za su zauna ne gaba da gaba, kowa ya fito da hujjarsa a auna.

Bari mu gwada kalmomin da wani misali. A ƙaddara 'yan kasuwa biyu ne a Tudun Hatsi. Na farko yana da buhun masara bakwai, amma ana bin sa bashin naira 20,000. Na biyu yana da buhu huɗu da tsabar kuɗi naira 70,000. Da aka yi musu ƙididdiga sai aka tarar jarinsu ya zo ɗaya. Nawa ke nan aka yi wa buhu kuɗi? Abin da ake nema, wato kuɗin buhu, ya bayyana a ɓangaren wannan, ya kuma bayyana a ɓangaren wancan, kuma a nan wahalar take.

Ɓangaren na farko yana da karaya, domin akwai bashi a jikinsa. Sai a yi masa ɗori, a ba shi naira 20,000 ya biya. Amma tun da an ce jarinsu ɗaya ne, tilas a ba wa na biyu naira 20,000 shi ma, in ba haka ba sikeli ya karkata. Yanzu buhu bakwai sun yi daidai da buhu huɗu da naira 90,000. Wannan shi ne jabru. Sa'an nan a zaunar da ɓangarorin gaba da gaba, a ɗauke buhu huɗu daga nan, a ɗauke huɗu daga can, tun da kowa yana da su. Saura buhu uku daidai da naira 90,000. Wannan ita ce muƙabala. Buhu ɗaya ya tashi a naira 30,000. Mai karatu zai lura cewa babu wani adadi da ya tsallaka ko'ina. Abin da aka yi wa dama shi aka yi wa hagu. Dokar tsallakawa da sauya alama taƙaitawa ce kawai ta waɗannan ayyuka biyu.

Kafin Bagadaza

Neman ɓoyayyen adadi tsohon al'amari ne. A wata takarda ta Masar ta dā, wadda wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai tambayoyi a kan wani tsibi da ba a san yawansa ba, wanda in an haɗa shi da wani yanki nasa zai ba da adadi kaza. Hanyar Misirawa ita ce cinke da gyara. Mutum ya zaɓi adadin da ya ga zai yi sauƙin aiki, ya gwada, ya ga da ninki nawa ya kauce, sa'an nan ya gyara cinkensa da wannan ninki.

A birnin Iskandariyya, wajen ƙarni na 3, Diyofantus ya rubuta littafinsa na lissafi da Girkanci, kuma a gabatarwarsa ya shawarci mai koyo da ya ƙara wa ɓangarori biyu abin da ya tauye, ya kuma ɗebe mai kama daga mai kama. A Indiya kuwa, Ariyabata ya kawo ainihin matsalar 'yan kasuwarmu a shekara ta 499. Mutum biyu ne, kowa yana da 'yan duwatsun ado da kuɗi, dukiyarsu ta zo ɗaya. Ya nuna cewa in aka raba bambancin kuɗinsu da bambancin yawan duwatsunsu, kuɗin dutse ɗaya zai fito. A shekara ta 628 Barahmagubta ya sake kawo wannan ƙa'ida, tare da dokokin aiki da sifiri da kuma adadin da ke ƙasa da sifiri, wanda ya kwatanta da bashi.

Ashe ke nan dabarar ta girmi Bagadaza. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai tattara ta, ya raɗa wa ayyukanta suna, ya mai da ita fanni mai zaman kansa wanda za a iya koyarwa daga tushe.

Littafin Alhawarizmi

Wanda ya yi wannan aiki shi ne Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, masanin taurari da lissafi a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Wajen shekara ta 820 ya wallafa taƙaitaccen littafinsa a kan lissafin jabru da muƙabala. Babu harafi ko alama ɗaya ta lissafi a cikinsa, hatta adadi da kalmomi ya rubuta su. Abin da ake nema ya kira shi shai'u, wato abu, ko kuma jizru, wato saiwa. In an ninka abu da kansa sai ya kira shi malu, wato dukiya. Adadi tsura kuwa yakan ambace shi da dirhami. Ya kasa matsaloli gida shida, ɗaya daga ciki shi ne inda saiwoyi suka yi daidai da adadi, kamar buhu uku da naira 90,000. Komai tsawon matsala da sarƙewarta, aikin mai lissafi shi ne ya yi ta ɗori da muƙabala har ta koma ɗaya daga cikin shidan. Tun da bai ɗauki adadin da ke ƙasa da sifiri a matsayin abin da zai tsaya da ƙafarsa ba, duk wata ɗebewa karaya ce a wurinsa, sai an ɗora ta.

Marubucin bai ɓoye waɗanda ya yi wa littafin ba. Ya bayyana a gabatarwa cewa ya yi shi ne saboda abin da mutane ke bukata kullum wajen rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon ƙasa da haƙa magudanar ruwa. Kusan rabin littafin ma babin wasiyyoyi ne. Matsalar farko a wannan babi ta wani mutum ce da ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, ya yi wasiyya da sulusin dukiyarsa ga wani bare, ya bar tsabar dirhami goma, sa'an nan yana bin ɗaya daga cikin 'ya'yan dirhami goma. Rabon ɗan da ake bi bashi ya dogara ne ga yawan dukiyar, yawan dukiyar kuma ya dogara ga abin da za a lissafa daga bashin a matsayin rabonsa. Magana ta zama ta kaza da ƙwai. Alhawarizmi ya kira wannan rabo abu, sai abu ya bayyana a ɓangarori biyu, ya yi muƙabala, amsa ta fito dirhami biyar. Ƙarshen littafin kuwa lissafin dauri ne, wato matsalolin da ke kewayawa su komo kansu, irin na wanda ya yi aure ko ya 'yanta bawa yana cikin ciwon ajali.

Abin lura a nan shi ne cewa a gaban alƙali, cikin rigimar magada, aka fi bukatar lissafin da ke da abin nema a ɓangarori biyu. Malaman da suka biyo baya, irin su Abu Kamil na Masar da Alkaraji da Umar Hayyam, sun faɗaɗa fannin har ya kai ga matsaloli masu zurfi, amma igiyarsa da ilmin gado ba ta tsinke ba a ƙasashen Musulmi.

Ɓangaren da Ya Biyo Sahara

A Magrib da Andalus, inda mazhabar Malikiyya ta kafu, lissafi da gado sun zama tamkar ɗanjuma da ɗanjummai. Ibnu Yasamin, wanda ya rasu a Marrakush a 1204, ya tsara ƙa'idojin jabru da muƙabala cikin waƙa don sauƙin hadda. Ibnu Banna, shi ma na Marrakush, wanda ya rasu a 1321, ya rubuta Talhisu a kan ayyukan lissafi, aka yi ta yi masa sharhi. Ibnu Haldun a Muƙaddima ya jera jabru da muƙabala da lissafin ciniki da lissafin gado a matsayin rassan ilmin adadi. Shi kuwa Alƙalasadi, mutumin Andalus da ya rasu a Tunisiya a 1486, malamin gado ne kuma malamin lissafi, yana amfani da haruffa a madadin kalmomi: shinun a madadin abu, mimun a madadin dukiya, lamun a matsayin alamar daidai. Hatta Abdurrahman Al'ahdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16 wanda kowane ɗan makarantar ilmi a ƙasar Hausa ya fara fiƙihu da littafinsa na Ahalari, yana da wata waƙa mai suna Durratul Baida'u a kan lissafi da gado.

Daga wannan nahiya ce littattafan Malikiyya suka shigo ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, sa'an nan Shaihu Almagili ya sauka a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani da Muhtasar na Halil duk suna da babin gado, kuma ba a cika kiran mutum malamin fiƙihu ba sai ya ƙetare shi. Harshen Hausa da kansa shaida ne. Kalmomin sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni duk na Larabci ne, kuma ta ƙofar gado da zakka da ganima suka shigo. Haka ushira, kashi ɗaya cikin goma da hukuma ke karɓa a dā in alƙali ya raba gado. Bahaushe yana da nasa ƙirgen tun zamanin wuri, yana da hauya da zangu da keso, amma sunayen yanki-yanki daga zauren malamai ya aro su.

Hanyar malaman gado ita ce neman asalin mas'ala, wato adadin da kowane rabo zai fita daga cikinsa ba tare da gutsure ba. Sanannen misali shi ne na wanda ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Asalin mas'alar 24 ne. Mata tana da sumuni, 3. 'Ya'ya mata suna da sulusi biyu, 16. Uwa da uba kowa yana da sudusi, 4 da 4. In an tara sai a sami 27, rabo ya zarce dukiya. Sai a yi auli, a ɗaga asalin ya koma 27 don ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa, sumunin mata ya koma ɗaya cikin tara. Wannan ita ce mas'alar da ake kira Mimbariyya, wadda ake danganta amsarta ga Sayyidina Ali. Wannan hanya ta wadatar a mafi yawan rabon gado, shi ya sa ta zama abincin yau da kullum na alƙalai. Jabru da muƙabala sai inda magana ta sarƙe da bashi ko wasiyya mai kewayawa.

Ƙasar nan ta fitar da masana adadi na ƙwarai. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi a 1732 a kan hanyoyin tsara hatimi mai gidaje mara, wato jadawalin da kowane layi nasa ke ba da jimla ɗaya ko ta ina aka tara. Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, wanda shi ma masanin taurari da lissafi ne. Aikin Alkashinawi na hatimi ne, wani fanni daban da aljabara, amma ya isa shaida cewa makarantun Katsina da Barno sun iya horar da mutumin da masanan Alƙahira za su shimfiɗa wa buzu. Haka nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Ida'un Nusuhi inda ya jero malamansa da abin da ya karanta a wurinsu, ya ambaci hisabi.

Ɓangaren da Ya Biyo Teku

A shekara ta 1145 wani Bature ɗan Ingila, Robat na Cesta, ya fassara littafin Alhawarizmi zuwa Latin a garin Segobiya ta ƙasar Sifen. Jirad na Kiremona ma ya yi tasa fassarar a Toledo. A nan ne rabuwar ta auku. Masu fassarar sun ɗauki ƙa'idoji da matsalolin adadi da na ciniki, suka bar babin wasiyyoyi, domin dokar gadon Musulunci ba ta da aiki a kotunansu. Turai ta karɓi dabarar, amma ba ta karɓi rigimar magadan da aka yi dabarar dominta ba. Sai a 1831 Firedirik Rosen ya buga cikakken littafin da Larabci tare da fassarar Ingilishi, daga wani kwafi da ke Okisfod.

Leyonado na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonaci, ya koyi lissafin Larabawa a Bijaya ta gaɓar Aljeriya, inda mahaifinsa ke wakiltar 'yan kasuwar garinsu. Littafinsa na 1202 ya rufe da babi a kan jabru da muƙabala, da sunayensu na Larabci. A hankali bakin Turawa ya yar da kalma ta biyu ya riƙe ta farko. Abin sha'awa, a Sifen an daɗe ana kiran maɗori da sunan da aka ciro daga wannan kalma. Sunan Alhawarizmi kansa shi ya rikiɗa ya zama algoridim, kalmar da masu kwamfuta ke kiran jerin matakan warware matsala da ita.

Gudummawar Turai ita ce alamomi. Alamar tarawa da ta ɗebewa sun fara fitowa a bugu cikin littafin Yohanes Widman a Jamus a 1489. A 1557 Robat Rikod ya ƙirƙiro alamar daidai, layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, bisa hujjar cewa babu wasu abubuwa biyu da suka fi su zama ɗaya. A 1591 Biyet na Faransa ya yi amfani da haruffa a madadin adadin da aka sani da wanda ba a sani ba. A 1637 Dekat ya ware haruffan ƙarshe, x da y da z, don abin nema. Da waɗannan alamomi, abin da Alhawarizmi ke cika rabin shafi da shi ya koma layi uku. An sami sauri, amma an biya shi da tsada, domin da kalmomi suka ɓace sai dalili ya ɓuya a bayan alama. Hannu na iya motsa haruffa ko da zuciya ba ta san abin da ake aunawa ba.

Haɗuwa a Ƙasar Gombe

Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya karɓi tuta ya kafa masarautar Gombe, ya zauna a Gombe Abba har rasuwarsa a 1841. Masarautar jihadi ba ta tsayuwa sai da alƙali, alƙali kuma ba ya rabuwa da rabon gado, saboda haka ɓangaren Sahara shi ya riga zama a ƙasar. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, mulki ya koma hannun Ingilishi. Aka mai da hedikwata Nafaɗa a 1913, sa'an nan Doma a 1919, inda garin Gombe yake yanzu. A wannan zamani ne ɓangaren teku ya iso Arewa, ta makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina ta 1921, da makarantun elementare da na midil da suka biyo baya. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya buɗe ƙofa ga 'ya'yan talakawa. Da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin ya yi ta faɗaɗa, unguwanni irin su Barunde suka cika da jama'a da makarantu, aka kuma kafa jami'ar jiha a 2004.

Sakamakon haka shi ne yaro ɗaya yana iya karanta x da safe a makarantar boko, ya karanta sumuni da sudusi da yamma a Islamiyya, ba tare da an taɓa gaya masa cewa 'yan gida ɗaya ne ba. Ga misalin abin da wannan rabuwa ke jawowa. A ƙaddara wani magidanci ya rasu a Barunde, magadansa 'ya'ya maza biyu ne da mace ɗaya. Bayan an yi masa sutura an biya bashin da ake bin sa, tsabar naira 900,000 ta rage. Sai dai babban ɗan ya ranci naira 1,000,000 a hannun mahaifinsa, kuma ba shi da halin biya yanzu. Rabo kashi biyar ne, kowane namiji biyu, mace ɗaya. In aka kau da kai daga bashin don gudun ɓacin rai, aka raba tsabar kawai, babban ɗa zai sake karɓar naira 360,000 a kan abin da ke hannunsa, ƙanensa ya sami 360,000, ƙanwarsu ta tashi da 180,000.

To, a bi hanyar Alhawarizmi. A kira abin da za a bar wa babban ɗa daga bashin a matsayin rabonsa abu. Dukiyar da za a raba ta zama naira 900,000 da abu. Rabonsa humusi biyu ne na wannan dukiya, kuma rabon nan shi ne abu. In aka ninka ɓangarorin sau biyar, abu biyar sun yi daidai da naira 1,800,000 da abu biyu. A yi muƙabala, a ɗauke abu biyu daga kowane ɓangare, saura abu uku daidai da 1,800,000. Abu ya tashi a naira 600,000. Ma'ana, babban ɗa ya riga ya karɓi 600,000 a cikin bashin, ba zai taɓa tsabar ba. Ƙanensa ya ɗauki 600,000, ƙanwarsu 300,000, tsabar ta ƙare cif. Sauran bashin, naira 400,000, shi ma dukiyar mamaci ce mai kashi biyar: 160,000 nasa ne, sai ya biya ƙanensa 160,000 da ƙanwarsa 80,000 in ya samu, sai fa in sun yafe. Tsakanin rabon farko da na biyu akwai naira 120,000 da za ta shiga hannun mace ko ta kuɓuce mata a ranar rabo. Ɗan sakandare zai rubuta wannan a taƙaice, 5x = 1,800,000 + 2x, ya warware kafin a sha ruwa, amma da wuya ya san cewa haƙƙin ƙanwar wani ne ya fitar.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Aljabara ta bar zauren alƙali ta yi doguwar tafiya, ta dawo sanye da haruffan Rumawa, har mutanen gida suka ɗauke ta baƙuwa. Gaskiyar tarihi ita ce hannuwa da yawa ne suka gina ta: Misirawa da Girkawa da Indiyawa suka aza harsashi, Bagadaza ta tayar da gini ta raɗa suna, Magrib ta adana ta haɗe da ilmin gado, Turai ta sa mata alamomi. Ba wanda zai ce tasa ce shi kaɗai, ba kuma wanda za a ce ba shi da rabo a ciki.

Abin da ya rage aiki ne na masu harshe da masu lissafi tare. Hausa tana da ɗori, tana da muƙabala, tana da sikeli da mudu, tana da sulusi da sumuni. Malamin da ya fara da waɗannan kafin ya kai ga dokar tsallakawa ya ba ɗalibi dalili, dalili kuwa ya fi hadda daɗewa a ka. Malamin gado da ya karɓi x ya sami gajeriyar hanya zuwa mas'alolin da ke cin dare. Sashen Hausa na jami'a, inda ɗan makarantar allo da ɗan boko ke zama benci ɗaya, shi ya fi cancanta ya tsara kalmomin da za su sada su, ya kuma sa a rubuta littattafan lissafi da su. Ƙa'idar da za a koyar ɗaya ce tun zamanin Ma'amun, kuma kowane mai awo a kasuwa ya san ta: abin da ka ƙara wa wannan ɓangare ka ƙara wa wancan, abin da ka rage a nan ka rage a can.